Limamin da Ya Shigo da Taɓo a Takalmi



Ya 'yan'uwa masu ziyartar wannan shafi, na san da yawanku za ku yi mamakin ganin malamin Islamiyya ya ajiye Ahlari da Ishmawi ya zauna yana rubutu a kan fim, fim ɗin ma na Turkawa. Ina roƙon ku yi mini uzuri har ku kai ƙarshen maganar, in ya so sai ku yanke hukunci.

Abin da ya jawo ta shi ne tambayar da wani ɗalibina ya yi mini wata ranar Lahadi bayan mun tashi daga darasi. Yaro ne mai ƙoƙari, bai wuce shekara 17 ba. Ya tsaya har sauran suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, wai kallon fim ɗin Turkiyya ya halatta? Ai su na Musulunci ne, ba irin na Indiya ba." Na tambaye shi wanne yake nufi, ko da yake na riga na san amsar. Ertugrul yake nufi, da ire-irensa masu takubba da dawakai, waɗanda ake juyawa zuwa Hausa ana turawa a waya. Na ba shi amsa irin ta malamai, wato ya danganta da abin da ke ciki da kuma abin da kallon ya hana shi yi. Ya yi godiya ya tafi. Amma kalmar nan tasa, "na Musulunci ne", ita ta raka ni har gida.

Ni dai ba ni da gaba da wannan shiri. Gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT, ya nuna shi daga ƙarshen 2014 zuwa 2019, zango biyar, kashi 150, kuma ya karaɗe duniyar Musulmi, musamman bayan da aka juya shi zuwa Urdu a Pakistan a 2020. Yaran da suka taso ba su saba ganin Musulmi a fim ba sai a matsayin mai tayar da bam, sun sami jarumi mai alwala da salla, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul, mahaifin Usman wanda ya kafa daular Turkawa, ɗan kaɗan ne ƙwarai; mafi yawan abin da ake gani ƙirƙirar marubuta ce, har da zaman da ake nuna yana yi da Ibnu Arabi. Wannan ma bai dame ni kamar ɗaya abin ba: a irin wannan shiri, mugu kullum wani ne. Ko dai ɗan Salibiyya ne, ko ɗan Mongol, ko munafukin da tun daga kallon idonsa kowa ya gane shi. Mai kallo yana tsaye a bayan jarumi daga farko har ƙarshe, ya tashi yana jin cewa shi ma da za a miƙa masa takobi da ya gyara duniya. Ba a taɓa tambayarsa komai game da kansa.

To akwai wasu fina-finan Turkiyya da ba a juya mana su ba, ba kuma na zaton za a juya, domin babu mai sayensu. Wani abokina da ya yi karatu a can ne ya kawo mini kaɗan daga cikinsu a kwamfutarsa, masu fassarar Larabci a ƙasan allo, ya ce in gwada haƙurina. Ya kuwa yi gaskiya, haƙuri suke so. Babu faɗa, kiɗa kaɗan ne ko babu sam, mutum zai iya tsayawa a bakin taga yana kallon dusar ƙanƙara na minti guda cur ba a ce uffan ba. Ra'ayina, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa matashi Musulmi da ya riga ya yanke shawarar zai kalli fim, ya fi buƙatar waɗannan fiye da masu takubba, duk da cewa yawancin masu shirya su ba su yi su don wa'azi ba, wasunsu ma ba a san su da riƙo da addini ba.

Kafin in kawo hujjata, sai mai karatu ya san irin ƙasar da waɗannan fina-finai suka tsiro a cikinta. A 1925 gwamnatin Mustafa Kamal ta yi dokar rufe zawiyoyin ɗariƙu. A 1928 aka ajiye haruffan Larabci aka ɗauki na boko. Daga 1932 har zuwa 1950 da harshen Turkanci ake kiran salla. Masana'antar fim da ta taso a wannan yanayi ta daɗe tana nuna mai rawani da gemu a matsayin maƙiyin ci gaba. Misalin da aka fi ambata shi ne Vurun Kahpeye na Lütfi Akad, wanda ya fito a 1949 daga littafin Halide Edib, inda wani malamin addini maci amana yake zuga jama'ar gari su kashe wata malamar makaranta. Daga 1970 sai masu kishin addini suka mayar da martani, Yücel Çakmaklı ya fito da Birleşen Yollar, labarin 'yar gayu da ta dawo kan hanya, aka buɗe babin fina-finan da malami a cikinsu ba ya kuskure. Ɓangare ɗaya ya mai da liman shaiɗani, ɗaya ya mai da shi mala'ika. Sai daga baya aka sami waɗanda suka yarda su nuna shi a matsayin ɗan Adam mai biyan kuɗin haya.

A nan ne zan daɗe, domin a nan abin ya same ni. Fim ɗin sunansa Kış Uykusu, ma'ana barcin hunturu, na Nuri Bilge Ceylan, wanda ya rubuta tare da matarsa Ebru bisa wasu gajerun labarai na marubucin Rasha Chekhov. Tsawonsa minti 196 ne, kuma shi ya ci babbar lambar yabo ta bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2014, karo na biyu ke nan da fim ɗin Turkiyya ya ci ta, bayan Yol a 1982, wanda Yılmaz Güney ya rubuta yana kurkuku. Ni kam a dare uku na kammala shi.

Labarin wani dattijo ne mai suna Aydın, tsohon ɗan wasan kwaikwayo, wanda ya gaji ƙaramin otal da gidajen haya a yankin Kapadokiya, inda ake sassaƙa ɗakuna a jikin duwatsu. Sunan nasa ma da gangan aka zaɓa, domin a Turkanci yana nufin wayayye, ɗan boko mai ilimi. Aydın ba azzalumi ba ne irin wanda muka saba gani. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, yana da fara'a ga baƙi. Harkar haya ma ba ya sa hannu a cikinta, akwai lauya, akwai yaronsa Hidayet, su ke yin komai. Shi aikinsa ya zauna a ɗakin karatunsa mai ɗumi yana rubuta maƙala a wata 'yar jaridar yankin, yana gyara wa jama'a tarbiyya. Wata rana suna tafiya a mota sai wani yaro ya jefo dutse ya fasa gilashin. Ashe ɗan masu haya ne a ɗaya daga gidajensa. Sun kasa biya, an turo masu karɓar bashi sun kwashe talabijin da firij, an kuma doki uban yaron, İsmail, a gaban ɗansa. Aydın ya ce shi bai ma san an yi haka ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ya tsara rayuwarsa ne yadda ba zai sani ba.

Baffan yaron, Hamdi, shi ne limamin unguwar. Shi ke ɗauke da gidan duka da ɗan albashinsa: tsohuwar uwa, ɗan'uwa da ya fito daga kurkuku ya kasa samun aiki ya faɗa shan giya, matar ɗan'uwan da ɗansu. Hamdi ya tako da ƙafa daga nesa cikin taɓo ya zo ba da haƙuri, yana murmushin nan na wanda ake bi bashi, yana ta lanƙwasa harshe. Ya sake dawowa da yaron don ya sumbaci hannun Aydın kamar yadda al'adarsu take. Aydın ya ce ba sai an yi haka ba, amma ya miƙa hannun. Yaron ya tsaya yana kallon hannun, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ceylan bai wanke Hamdi ba, ya nuna mana shi yana zagi ƙasa-ƙasa bayan masu gida sun juya baya, ya nuna fadancinsa har mai kallo ya ji kunya a madadinsa. Amma ka san abin da Aydın ya gani a jikin wannan bawan Allah? Taɓon takalminsa da warin safarsa. Ya zauna ya rubuta maƙala a kan yadda ya kamata malamin addini ya kasance mai tsafta da kamala, ya zama abin koyi ga jama'a, tunda Musulunci addinin tsafta ne.

Ya ɗan'uwa, duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Babu jimla ɗaya a ciki da zan iya cewa ta saɓa wa shari'a. Nan ne wajen da na tsayar da fim ɗin a daren farko na fita tsakar gida na zauna.

Shekarun baya, ban daɗe da gama jami'a ba, na je wani ƙauye ɗaurin aure, Juma'a ta riske mu a can. Limamin tsoho ne, ya hau mumbari da wata riga da ta sha jiki, ya ciro wata takarda da ta yi baƙi don daɗewa yana karanta huɗuba. Ni kuwa ina sahu na biyu ina ƙirga lahani da yatsu: nan ya yi wasalin sama a inda ya kamata na ƙasa, nan ya haɗiye harafi. Da na dawo gida na rubuta doguwar maƙala a kan halin da mumbarorinmu suke ciki a karkara. Ban ambaci sunansa ko na garin ba, amma duk wanda ya je ɗaurin auren ya gane. An yaba mini ƙwarai, aka yi ta yaɗa ta, wani ma ya ce irin wannan matasa addini yake buƙata. Ban taɓa tambayar me tsohon yake ci ba, ko wa ya koya masa, ko shekara nawa ya yi yana wanke gawar mutanen garin yana raba musu gado ba tare da ko sisi ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Na san karin maganar tun ina yaro, na kuma karantar da babin ujubu da girman kai ba sau ɗaya ba. Amma ban ga kaina a ciki ba sai da na ga wani Baturke mai furfura yana karanta wa ƙanwarsa maƙalarsa yana jiran yabo.

Ita kuwa ƙanwar, Necla, ba ta yaba ba. A wata doguwar muhawara da suka yi, shi yana kan teburinsa ita tana kishingiɗe a bayansa, ta tambaye shi yadda mutumin da ba ya taka masallaci, wanda bai ziyarci kabarin iyayensa ba, yake wa'azi a kan addini. Wanzami ba ya son jarfa: nan take mai tausasa murya ya fito da wuƙaƙensa, ya tona mata mutuwar aurenta da zaman banzanta. Ita ma ɗin ba tsarkakakkiya ba ce. Babu wanda ya fita daga ɗakin da gaskiya a hannunsa shi kaɗai, kuma haka Ceylan yake yi wa kowa.

Har matar Aydın, Nihal, wadda ita ce mai tausayi a gidan, ba ta tsira ba. Yarinya ce a kansa, zaman ya ishe ta, ta sami abin da take rayuwa dominsa a tara gudummawa don gyara makarantun ƙauye. Aydın ya kutsa cikin harkar da sunan taimako, ya bi takardunta yana nuna mata ba ta iya lissafi ba, sannan ya ba ta kuɗi masu yawa ya ce a rubuta daga wani bawan Allah, alhali ya tabbatar ta san ko wane ne bawan Allahn. Da dare ta ɗauki kuɗin ta kai gidan Hamdi a ɓoye. Liman ya ruɗe, ya ce wannan ai ya isa sayen gida. Sai ga İsmail ya shigo. Ya karɓi damin kuɗin, ya yi ta kasa shi da baki: wannan na yaron da ya sa ransa a haɗari don ya rama wa ubansa, wannan na ɗan'uwan da ya zubar da mutuncinsa yana roƙo, wannan na uban da aka daka a gaban ɗansa. Sannan ya watsa su cikin wutar murhu, tana kallo tana kuka.

Ba ina cewa İsmail ya kyauta ba. Ƙona dukiya ɓarna ce, kuma ba shi kaɗai ke da haƙƙi a kanta ba, akwai tsohuwa da yaro a gidan da ke kwana da sanyi. Girman kan talaka ma girman kai ne. Sai dai wannan fage ya fassara mini gargaɗin da ke cikin Suratul Baƙara game da ɓata sadaka da gori da cutarwa fiye da yadda na taɓa fassara wa ɗalibaina shi. Mu kan ɗauka gori sai an furta. Nihal ba ta furta komai ba. Amma ta zo ne ta sayi sauƙin zuciyarta, ba ta tambayi mutanen gidan abin da suke so ba, ba ta kuma yi tunanin yadda namiji zai ji idan matar wanda ya sa aka wulaƙanta shi ta shigo masa gida da dare da ƙunshin kuɗi ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton maraya yana miƙa masa buhun shinkafa a watan azumi, ya kamata ya zauna ya kalli wannan fage shi kaɗai.

Fim na biyu ya fi kusa da mu ta fuskar zahiri, ya kuma fi haɗari. Sunansa Takva, wato taƙawa, na Özer Kızıltan, ya fito a 2006. Muharrem mutum ne mai tsoron Allah da gaske, gwauro, ya shafe shekaru yana yi wa wani ɗan kasuwar buhuna hidima a tsohuwar unguwar Istanbul, daga shago sai zawiya sai ɗakinsa. Saboda amanarsa Shehinsu ya ɗora shi a kan karɓar kuɗin hayar gidaje da shagunan da zawiyar ta mallaka. Aka ba shi kwat, da agogo, da waya, da mota da direba, aka ce ba don shi ba ne, don martabar zawiya ne. Daga nan ƙasa ta fara zame masa. Wanda yake shan giya da rana tsaka a shagonsa yana biyan haya a kan lokaci. Matar da mijinta ke kwance ba lafiya ba ta da abin biya. Ya kai kuka wurin Shehi, aka nuna masa cewa idan aka yafe mata, sai an sallami ɗalibi ɗaya daga waɗanda ake ciyarwa da kuɗin, ya zaɓa. A banki ana tsallakar da shi layi. Wani ɗan kwangila ya biya shi kuɗin buhuna fiye da ƙima ba tare da ciniki ba, don neman kusanci da zawiya. A lokacin da ya fi buƙatar mai ba shi shawara, Shehi ya shiga halwa ta kwana 40. Ƙarshenta hankalinsa ya gushe.

Na san abin da wani zai ce: ga shi nan, 'yan boko sun sake zagin addini. Wani kuma daga ɗaya ɓangaren zai yi murna ya ce ga asirin 'yan ɗariƙa ya tonu. Duka biyun ina ganin ba su kalli fim ɗin da kyau ba. Shehin da ke ciki ba ɓarawo ba ne, ba a nuna ya ci ƙwandala ba, kuma maganarsa game da ɗalibin da za a sallama lissafi ne na gaskiya wanda duk mai riƙe da makaranta ya san shi. Ni kaina na taɓa riƙe littafin kuɗin wata, na san yadda ake ji idan albashin malamai ya zo ga kuma sunan marayu a jerin waɗanda ba su biya ba. Abin da ya sami Muharrem zai iya samun ma'ajin kowane kwamitin masallaci, ko mai saki ne ko mai ƙabalu. Taƙawarsa ta gaskiya ce, amma taƙawa ce da ba a taɓa jarraba ta ba, ta ginu a kan nisantar duniya ba a kan sanin hukuncinta ba. Ya iya wuridi, bai iya fiƙihun mu'amala ba, bai kuma san cewa mutum zai iya yin kuskure ya tuba ya ci gaba da tafiya ba. Tsoro ya yi masa yawa, fata ya yi masa kaɗan. Inda nake da ja da masu fim ɗin shi ne sun bar mai kallo da zaton cewa hanya biyu ce kawai, ko ka guji duniya ko ta haɗiye ka, alhali tarihinmu cike yake da attajirai da alƙalai da suka riƙe amana suka mutu da hankalinsu. Sannan wajibi ne in faɗa ƙarara: akwai fagagen mafarki a cikinsa masu tsiraici, ban yarda wani ya ce ni na aike shi ya kalle su ba.

Wanda zan iya miƙa wa kowa ba tare da ɗar-ɗar ba shi ne Bal, wato zuma, na Semih Kaplanoğlu, wanda ya ci babbar lambar bikin Berlin a 2010. Shi ne na ƙarshe a jerin fina-finai uku da suka bi rayuwar mutum ɗaya da baya-baya: Yumurta a 2007 yana babba, Süt a 2008 yana saurayi, sannan Bal yana ɗan shekara 6. Sunan yaron Yusuf, sunan ubansa Yakup, mai ɗora amya a kan dogayen itatuwa a dazukan da ke gabar Baƙin Teku. Tun a farko yaron ya ce ya yi mafarki, uban ya hana shi faɗa da ƙarfi, ya ce ya raɗa masa a kunne. Mai karatu ya riga ya gane surar da ake nufi, ba a kuwa ambace ta ba ko sau ɗaya. A nan ɗan ne yake jiran uban da ya shiga daji bai dawo ba. Kusan babu kiɗa a fim ɗin, sai kukan tsuntsaye da ƙarar reshe. Yusuf yana da in'ina. A gaban ubansa yana karatu sumul, a aji kuwa harshensa ya sarƙe yara su yi ta dariya, yana kallon kwalbar da malami ke ajiye jajayen lambobin yabo tana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya son madara, uban ne ke shanye masa a ɓoye don kada uwar ta gani. Ranar da ya ga uwar tana kuka, ya ɗauki kofin ya shanye da kansa yana kallonta ko za ta ji sanyi. Ina da ɗalibai biyu masu in'ina. Tun daga lokacin na daina tsayar da su karatu a gaban aji, sai in kira su gefe su karanta mini a hankali, kuma ɗayansu ashe ya fi kowa hadda.

Saura babbar tambaya, wadda na yi wa kaina kafin wani ya yi mini: me ya kai ka neman ilimin zuciya wurin masu fim, alhali Imam Gazali ya ware rubu'i guda na Ihya'u a kan abubuwa masu halakarwa? Amsata ita ce ban nemi ilimi a wurinsu ba, kuma duk wanda ya nema ya ɓata. Ba su da shi. Ceylan gwani ne wajen gano ciwo, amma ba shi da magani. A ƙarshen fim ɗin Aydın ya ce zai tafi Istanbul, ya fasa a tashar jirgin ƙasa, ya kwana yana shaye-shaye a gidan abokinsa, ya dawo gida yana neman gafarar matarsa a cikin zuciyarsa kawai, bai furta mata ba, bai je gidan Hamdi ba, bai kuma ɗaga hannu ga Ubangijinsa ba. Ya koma teburinsa ya fara rubuta littafi. Mu kuwa an koya mana cewa tuba tana da sharuɗɗa, kuma idan haƙƙin wani ne sai an mayar masa ko an nemi yafewarsa. Littafi ne ya ba ni sunan ciwon da maganinsa. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya hana ni ci gaba da zaton cewa ciwon na wasu ne. Wanda bai yi karatun ba, zai kalli awa uku ya tashi da hamma kawai, ko ya tashi da ƙyamar mutane gaba ɗaya, wadda ita ma cuta ce. Wanda kuma ya zaɓi kada ya kalli fim sam, bai yi asarar komai na addininsa ba, ina ma girmama shi. Maganata da wanda ya riga ya ba Ertugrul awa ɗari biyu ne yana kuma kiran abin ibada.

Bayan sallar layya da ta wuce na shirya na koma ƙauyen nan. Na sami tsohon a zaure yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne, na kuma faɗa masa abin da na rubuta, da bakina, domin na ƙudurta ba zan yi irin ta Aydın ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo neman afuwa ne." Bai taɓa jin labarin rubutun ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ai gaskiya ka faɗa, ɗana. Tunda Allah Ya kawo ka, sai ka gyara mini." Ya shiga ciki ya fito da takardar a cikin gafaka. Rubutun mahaifinsa ne, da tawadar gargajiya, wasu wasullan sun goge saboda yawan taɓawa. Muka zauna a kan buzu muna bi layi-layi, ina mayar da wasali yana maimaitawa. Da muka iso kan ayoyin da ke ciki, na ga biyu daga abin da na ƙirga masa a matsayin lahani ba lahani ba ne, ruwayar Warshu ce, wadda na sani sarai tun ina makarantar allo. Na faɗa masa haka. Ya ce in bar wannan, mu ƙarasa shafin kafin a kira la'asar, domin shi ne zai ja sallar kuma bai yi alwala ba.